Bala Miller (1928–2003): Mai Tsara Waƙa da Kiɗan Zamani

Gabatarwa

Idan ana nazarin makaɗa da mawaƙan Hausa a makarantu, an saba karkasa su gida-gida. Akwai makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, da makaɗan jama'a irin su Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos, da makaɗan maza irin su Ɗan'anace da Kassu Zurmi, sai kuma makaɗan sana'a. Daga nan akan yi tsalle guda a dira a kan mawaƙan fina-finan Kano da fiyanonsu, tamkar babu abin da ya gudana a tsakani. Alhali kuwa akwai wani ƙaramin rukuni na mutanen da suka ɗora harshen Hausa a kan kayan kiɗan Turawa tun kafin a san za a yi fim ɗin bidiyo a ƙasar Hausa. Jigon wannan rukuni shi ne Bala Miller.

Ba a murya ko a ƙwarewar busa kaɗai muhimmancinsa yake ba. Mafi yawan aikinsa a bayan fage ya yi shi: shi ne mai ƙirƙiro waƙa, mai tsara wa kowane makaɗi abin da zai kaɗa, mai tara ƙungiya, mai koyarwa. Wannan aiki shi ne 'yan fim da 'yan situdiyo suke kira aikin furodusa. A wannan babi za a bi tarihinsa domin a ga yadda ya ɗauki kiɗa a matsayin sana'ar da ake koyo a aji, ake kuma raba ayyukanta tsakanin mutane da yawa, a cikin al'ummar da ta saba ganin kiɗa a matsayin gado ko roƙo.

Asalinsa da Tasowarsa

An haifi Bala Miller a garin Pankshin da ke cikin Jihar Filato ta yanzu a shekarar 1928. Mahaifinsa limamin coci ne daga ƙasar Zazzau, yana kuma cikin rukunin farko na mutanen ƙasar Hausa da suka karɓi addinin Kirista. Sunan Miller ba baƙo ba ne a Zazzau. Likita Walter Miller Baturen mishan ne na ƙungiyar CMS, wanda yake cikin ayarin da ya iso Kano a 1900 Sarki Alu ya hana su zama. Daga baya ya zauna a birnin Zariya shekaru masu yawa, aka kuma mayar da mishan ɗin Wusasa. Shi ne ya jagoranci fassara Baibul zuwa Hausa, wanda aka buga a 1932, kuma wasu daga cikin yaran da suka tashi a hannunsa sun ɗauki sunansa. Wannan ƙaramar al'umma ta Wusasa ita ce ta fitar da Dokta R.A.B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, a can ne kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi. Saboda haka sunan mawaƙin kansa ya haɗa gida biyu: Miller daga mishan, Bala kuwa laƙabin Hausa ne tsantsa, wanda bisa al'ada akan yi wa yaron da aka haifa ranar Laraba.

Aikin coci aiki ne na sauyin wuri. Yana ƙarami aka mayar da mahaifinsa cocin Holy Trinity da ke Lakwaja. Lakwaja ta taɓa zama mazaunin Lugga da sojojinsa, don haka gari ne da ya daɗe da sanin badujala. A cocin akwai ƙahonin Turawa da ganguna, wasu mishan ta saya, wasu kuma sojoji suka bari. A nan Bala ya fara taɓa kayan kiɗa, kuma yana ɗan shekara tara ya shiga ƙungiyar makaɗan cocin, yana kuma cikin masu rera waƙa a lokacin ibada.

Ya kamata a lura da bambancin wannan tarbiyya da ta makaɗin gargajiya. A gargajiyance, yaro ko dai ya gaji kiɗa a gidansu kamar Ɗanƙwairo, ko ya yi haye kamar Shata, wanda ya shiga waƙa ba da son mahaifinsa ba. Ko ta wace hanya ya shigo, da kunne yake koyo, yana bin ubangida, yana amshi, har ya kai ga zama jagora. A ƙungiyar coci kuwa muryoyi kashi-kashi ne, kowane kashi da layinsa, kuma akwai rubutun kiɗa da ake bi. Yaron da ya tashi a haka yakan saba tun da wuri da tunanin cewa waƙa gini ce, ana iya zana ta kafin a aza tubali.

Zaman Legas

Ya yi karatun sakandare a makarantar CMS Grammar School ta Legas, wadda aka kafa a 1859, ita ce kuma sakandare mafi daɗewa a Nijeriya. Yana cikin makaɗan makarantar, sannan a waje yana bin ƙungiyar 'yan badujala ta Calabar Brass Band zuwa bukukuwan aure da wasannin kan titi, yana busa ƙahon da ake kira taramfet. Bayan ya gama makaranta ya karanci harkar kasuwanci, ya sami aiki a kamfanin Lever Brothers mai yin sabulu. Da rana yana wurin aiki, da dare yana busa ko kaɗa jita a ƙungiyar Samuel Akpabot.

Wannan zamani, wato shekarun 1950, shi ne ganiyar kiɗan hailaif a Legas. Kiɗa ne na rawa da ya bunƙasa a Gana, ya haɗa ƙahonin badujala da jita da gangunan Afirka. Zuwan E.T. Mensah daga Gana ya sa makaɗan Legas irin su Bobby Benson suka rungume shi, kowane otal mai ji da kansa ya nemi ya mallaki ƙungiyarsa. Da Akpabot ya tafi Ingila karatun kiɗa a 1954, sai Bala ya haɗa kai da mai otal ɗin West End Cafe aka kafa ƙungiyar Cool Cats. Da yake yana da aikin kamfani a wuyansa, bai riƙe jagorancin ba. Victor Olaiya, wani matashin mai busa da ya fito daga hannun Bobby Benson, shi ya zama jagora, Bala kuma yana tsara waƙoƙi.

Sakamakon haka sananne ne. Olaiya ya shahara, ƙungiyarsa ta yi wasa a liyafar zuwan Sarauniyar Ingila a 1956 da ta samun 'yancin kai a 1960, kuma Fela Kuti da Tony Allen duk sun ratsa ta cikinta suna samari. Sunan Bala kuwa bai fito ba sai a wurin waɗanda suka san cikin gida. Haka rabon mai tsara waƙa yake a ko'ina: a ci tuwo a yaba wa wanda ya kawo akushi, a manta da wadda ta sha hayaƙi. Waƙoƙin da ya tsara a wannan lokaci na kasuwar Legas ne, ba na kunnen Bahaushe ba.

Komawa Arewa

A 1956 ya koma aiki da kamfanin giya na Nigerian Breweries, aka tura shi Arewa, ya zauna a Kaduna. Aikin talla ya zagaya da shi garuruwa, kuma bai bar harkar haɗa ƙungiyoyin kiɗa ba. A lokacin makaɗan zamani da ke wasa a otal-otal da kulob-kulob na Kaduna da Jos da Kano galibinsu 'yan Kudu ne ko 'yan Gana, kuma da harsunansu ko da Turanci suke waƙa. Bahaushen birni yana jin amon daga nesa, amma bai ɗauke shi nasa ba. Rikicin 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 suka watsa da yawa daga cikin waɗannan makaɗa, domin mafi yawan gwanayen hailaif mutanen Gabas ne. A Legas kiɗan juju na Yarabawa ya cike gurbin. A Arewa kuwa sai gurbin ya tsaya a buɗe, domin babu 'yan ƙasa da aka horar a kan waɗannan kayan kiɗa.

Kano a Zamanin Audu Baƙo da Makarantar Kiɗa

Kafin a fahimci abin da ya kawo Bala Miller Kano, dole a dubi yadda birnin yake a farkon shekarun 1970. An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, har da ƙasar da ta zama Jihar Jigawa a 1991, aka naɗa Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Baƙo gwamna, ya riƙe ta har 1975. Mutum ne mai son manyan ayyuka. A zamaninsa aka gina madatsun ruwa na Bagauda da Tiga, da otal ɗin Bagauda, da gidan namun daji na Kano.

A ɓangaren masana'antu kuma, unguwar Bompai ta riga ta cika da kamfanonin matse man gyaɗa da masaƙu da majemu da masu yin alewa da kwanuka. Da ta yi kaɗan aka buɗe Sharaɗa, daga bisani kuma Chalawa. Waɗannan kamfanoni sun jawo dubban ma'aikata daga ƙauyukan Kano da sauran sassan Nijeriya, suka zauna a Sabon Gari da Fagge da Tudun Wada da Birged da Gwagwarwa. Ma'aikacin kamfani ya bambanta da manomi ko ɗan kasuwar Kurmi. Yana da albashi a ƙarshen wata, yana da ranar hutu, kuma abokan aikinsa ƙabilu ne daban-daban waɗanda Hausa ce ta haɗa su. Ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970 ya sa rediyo da garmaho da rikoda suka shiga ɗakunan da a da ba su da su. A kan titin Bompai ɗin nan kuma akwai Central Hotel da Kano Club, inda manyan ma'aikata da baƙi suke taruwa. Ke nan an sami masu sauraro, an sami dandali, abin da babu shi ne makaɗa 'yan gida.

A 1973 Gwamna Audu Baƙo ya ɗora wa Bala Miller aikin kafa makarantar koyon kiɗa a Kano, inda za a koya wa matasa busa da kaɗa kayan kiɗan zamani bisa ƙa'ida. Wannan mataki yana da nauyi fiye da yadda ake zato. A al'adar Hausa makaɗi maroƙi ne, kuma duk da ana son waƙarsa, ana yi masa kyautar doki da riga, ba kowane gida ne zai ba shi aure ba. Ga kuma ra'ayin malamai da dama a kan kiɗa, ga shi an san wuraren da ake kaɗa jita da dare. A ce wa magidanci a Kano ya kai ɗansa makaranta domin ya koyi busa, ba ƙaramar magana ba ce. Abin da makarantar ta tsaya a kai shi ne makaɗi zai iya zama ma'aikaci kamar makaniken Bompai: ya koyi aiki, a ɗauke shi, a biya shi ladan aikinsa, ba tare da ya wasa kowa ba.

Gaskiyar magana, wannan tunani bai yi saiwa a Kano yadda masu shi suka so ba. An sauke gwamnatin Audu Baƙo a juyin mulkin 1975, kuma darasin kiɗa bai zama abin da ake gani a jadawalin makarantun jihar ba. Ga ɗalibin da zai zama malami, nan akwai abin dubawa game da yadda sabon darasi yake rayuwa ko ya mutu. Gwamna yana iya ba da gini da kayan aiki, amma yardar iyaye ba ta cikin kasafin kuɗi.

Ƙungiyar Pirameeds

Daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu 1977 Nijeriya ta karɓi bikin al'adun baƙar fata na duniya, wato FESTAC, a Legas, aka kuma yi gagarumin hawan daba a Kaduna. Bala Miller yana cikin waɗanda suka yi aiki a ɓangaren kiɗa na bikin. Da aka watse, sai ya sa talla a jaridu yana neman makaɗa. Wannan ma kansa sabon abu ne, domin makaɗin gargajiya daga cikin 'ya'yansa da ƙannensa da barorinsa yake samun 'yan amshi. Ƙungiyar da ya kafa ya raɗa mata suna Great Music Pirameeds of Afrika. Ta fara da mutum 12, ta bunƙasa har ta kai mutum 28. Yana dab da cika shekara 50 a lokacin, kuma wannan ne karon da sunansa ya hau gaban ƙungiya sosai.

Duk Bakanon da ya ji sunan ƙungiyar, dalar gyaɗa ce za ta faɗo masa a rai, wato tarin buhunan da ake jerawa kusa da layin dogo tun zamanin Alhassan Ɗantata. Abin lura shi ne, a daidai lokacin da aka kafa ƙungiyar dalar tana ɓacewa, bayan farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta lalata gyaɗa a 1975, ga kuma kuɗin man fetur da ya ɗauke hankalin hukuma daga noma.

Riƙe mutum 28 ba wasa ba ne. Akwai masu busa, da masu jita, da masu ganguna, da mawaƙa, kowa da albashinsa, ga kayan aiki da ake sayowa daga waje, ga motar ɗaukar su. A irin wannan ƙungiya ba a barin kowa ya kaɗa abin da ya ga dama. Dole a sami mutum guda da zai ce ga inda ƙahoni za su shigo, ga inda za su yi shiru murya ta fito, ga inda za a koma gindin waƙa. Shekarun da Bala ya yi a kamfanoni yana lissafin kaya da kula da ma'aikata sun yi masa rana a nan daidai da shekarun da ya yi yana busa.

Hausa a Kan Kayan Kiɗan Turawa

Babban abin da ƙungiyar ta yi fice da shi shi ne rera waƙoƙin hailaif da Hausa. Wanda bai gwada ba zai ɗauka abu ne mai sauƙi, wato a cire kalmomin Turanci a zuba na Hausa. Ba haka ba ne. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali. Kalmar wuya ta jikin mutum da wuya ta wahala karin sauti ne ya raba su, haka gari na zama da gari na tuwo tsawon wasali ne ya raba su. Kalangu ba ya samun matsala da wannan, domin makaɗi yana matse tsarkiya ya sassauta, ganga ta bi hawa da saukar magana. Amma karin waƙar da aka gina a kan jita da ƙaho yana da nasa hawa da sauka, kuma idan mai tsarawa bai yi hattara ba sai ya ja wasalin da ba a ja, ko ya ɗaga gaɓar da ake saukarwa, ma'ana ta karkace. Wannan ne ya sa waƙoƙin coci da dama da aka fassaro daga Turanci suke yi wa kunnen Bahaushe bambaraƙwai. Bala ya tashi a cikin irin waɗannan waƙoƙi, ya kuma san Hausa tun daga gida, don haka ya san inda gizo yake saƙa. Mafita ita ce a fara da maganar, a bar ta ta nuna wa kiɗa hanya, a kuma riƙe tsarin jagora da amshi wanda kunnen Bahaushe ya saba da shi.

Waƙarsa da ta fi yaɗuwa ita ce Ikon Allah, wadda ta fito a faifansa mai suna Pyramids a ƙarshen shekarun 1970. Sunan waƙar kansa ya nuna irin jigogin da yake zaɓa. Magana ce da Musulmi da Kirista duk suke furtawa a kasuwa da masana'anta, ba ta wani sarki ko attajiri ba ce. Da yake ba ubangida yake yi wa waƙa ba, babu buƙatar jero asali da kirari da kyaututtuka, waɗanda su ne kan cika ɗiyan waƙar makaɗan fada. Wannan ya rage wa waƙoƙinsa zurfin adon harshe idan aka gwada su da na Narambaɗa, kuma duk mai nazarin salo zai ga haka. Sai dai ba a fagen Narambaɗa yake kokawa ba. Kalmomi kaɗan yake buƙata, masu sauƙin kamawa ga wanda Hausa ba harshen uwarsa ba ne, sauran aikin kuma ƙahoni da ganguna su yi.

Talabijin da Zuwan Waƙoƙin Fim

A shekarun 1980 matattarar ƙungiyar ita ce kulob ɗin Costain a Kaduna, kuma a wannan zamani ne Hukumar Talabijin ta Nijeriya, NTA, ta riƙa nuna shirinsa na Bala Miller Show a tashoshinta na ƙasa baki ɗaya. Shiri ne na kiɗa da waƙa da rawa da baƙi. Ta wannan hanya mutanen Legas da Inugu suka ga ƙungiyar zamani daga Arewa tana waƙa da Hausa, matan aure da yara a Kano da Katsina kuma, waɗanda ba za su taɓa taka ƙofar kulob ba, suka gan ta a cikin ɗakunansu. Mawaƙa irin su Funmi Adams, wadda ita ma ta rera waƙoƙin Hausa da kayan zamani, ta wannan kafa ta talabijin aka san su.

Amma a daidai lokacin ƙasa tana zamewa a ƙarƙashin manyan ƙungiyoyi. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan kiɗa suka yi tsada, kamar yadda kayan gyaran injuna suka gagari kamfanonin Bompai da Sharaɗa da Chalawa har da yawansu suka rufe. Kaset ya kori faifai, masu kwafar kaset ba da izini ba suka cinye ribar mawaƙa.

Da fina-finan bidiyo suka kunno kai a Kano, tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, sai kiɗan zamani na Hausa ya sake ɓullowa ta wata ƙofa. Zuwa ƙarshen shekarun 1990, lokacin fim ɗin Sangaya, waƙa ta zama ita ce mai sayar da fim. Tushen wannan salo fina-finan Indiya ne da aka daɗe ana nunawa a silimun Kano, ba hailaif ba, kuma mafi yawan masu yin sa ba ta makarantar kiɗa suka biyo ba. Aikin da mutum 28 suke yi, a wancan lokaci saurayi guda ne yake yin sa da fiyanon Yamaha a ɗan ƙaramin situdiyo. Duk da haka rabon aikin da aka gani a wurin Bala Miller shi ne ya tabbata: wani ya rubuta waƙa, wani ya yi kiɗa, wasu su rera, jarumi da jaruma su hau ta a fim, furodusa ya biya kowa.

Rasuwarsa

Bala Miller ya ga farkon wannan zamani. A 2001 kamfanin Strut na Ingila ya fitar da tarin kiɗe-kiɗen Nijeriya na shekarun 1970 mai suna Nigeria 70, ya sa Ikon Allah a ciki tare da waƙoƙin Fela Kuti da na ƙungiyar Sahara All Stars ta Jos. Ta haka waƙar ta isa kunnen masu sauraro a Turai da Amurka waɗanda ba su jin ko kalma ɗaya ta Hausa. Ya rasu a shekarar 2003 yana da kimanin shekara 75.